Bahon Gidan Veikko

"Ba zan ajiye ba," in ji Kaisa.

Wayar tana kan murfin masai, ta buɗe lasifikarta, muryar yayanta Arto tana fitowa tun daga birnin Calgary tana dukan bangon banɗakin. Ya sake faɗa, a hankali, kamar mai magana da kurma: ta ajiye gudumar, ta fito, ta ja ƙofa, ta jira zuwansa. Ya ce ba roƙonta yake yi ba. Tun da Baba ya faɗi, lauya ya ɗora masa kula da dukiyar tsohon, gida kuwa dukiya ne, kuma duk abin da ke manne a jikin gida na gida ne.

"Har da wanda ke zaune a falo yana wari?" ta ce.

"Kaisa, ki iya bakinki. Yana jin ki."

"Ya daɗe yana jin warin kansa, Yaya. Kai ne hancinka bai kawo nan ba."

Tana tsaye da tabarau na kare ido da safar hannu ta fata, ta lulluɓe bahon wankan da tsohon bargo don kada ɓarɓashi ya yi mata tsalle. Baho ne na baƙin ƙarfe, fari a ciki, mai zurfi har cinya. Kakansu ne ya fara girke shi a kan daɓen katako, sannan ya ta da bango ya kewaye shi, shi ya sa ƙofar ta fi shi ƙunci. Gordie mai aikin famfo ya zo ya duba, ya ce ko ƙarti huɗu sun ɗaga shi babu inda za su bi da shi, irin wannan ba ya fita sai gunduwa-gunduwa. Ya kuma ce shi ba ya ɗaga guduma a gidan da 'yan'uwa ba su gama magana ba. Amma in ya dawo ya tarar an riga an fasa, to kwashe tarkace aikinsa ne.

Mahaifinsu, Veikko Rautio, ya ƙare ƙarfinsa a rumbunan alkama na bakin tafki a nan Thunder Bay. Ƙura ta ci huhunsa, shekaru suka ci ƙafafunsa. Tun yana yaro Asabar ba ta taɓa wuce shi bai shiga ɗakin gumi ba. Nasu yana ƙarƙashin gida, na katako, da murhu da duwatsun da ake yayyafa wa ruwa. A irinsa aka haife shi a gonar iyayensa, a irinsa kuma aka yi wa mahaifinsa wankan ƙarshe. Da matakalar ƙasa ta gagare shi sai ya koma baho, yana wanka yana mita. A watan Nuwamba ya ɗaga ƙafa zai fito, ɗayar ta zame, ya kwanta tsakanin baho da masai har Kaisa ta dawo daga kanti.

Daga nan likita ya hana shi bahon. Aka riƙa turo mata masu jinya su goge masa jiki da tsumma a kan gado. Ta farko ya juya mata baya. Ta biyu ya ce mata shi ba mota ba ne. Da Kaisa ta ce ita za ta yi, ya yi mata kallon da bai taɓa yi mata ba, ya ce gara ya ruɓe. Ya kuwa kama hanyar ruɓewar. Wata Asabar ta same shi zaune a bakin matakalar ƙasa, tawul a wuya, yana shirin gangarawa da ɗuwawu. Ta sa wa ƙofar kwaɗo. Ya yi kwanaki bai ce mata uffan ba.

Shirin da aka yi a sarari yake, kuma da yardarta aka yi. Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a sayar da gida idan ƙanƙara ta narke, kuɗin ya kai Baba gidan kula da tsofaffi na biya, inda ba a jiran layi. Ta biyu, sunansa yana sahun gaba a layin gidajen tsofaffi na gwamnati, saboda ya faɗi kuma ba ya iya wanke jikinsa. Kowace ta fara buɗewa, Kaisa ta sami kanta. Tana da digiri biyu a kan binciken ruwa, kuma wani ɗakin bincike a birnin Halifax ya ba ta aiki, shugabar wurin ta ce za su riƙe mata gurbin har watan Yuni. Ta dawo gida ne da niyyar zaman wata guda bayan rasuwar Mama. Wannan ne hunturunta na uku.

Denise Prokop, dillaliyar gidaje, ta zo a watan Janairu, ta cire takalmanta a bakin ƙofa ta zaga ko'ina da safa. Ta ce a yi fenti, a sauke hotuna, a kwashe kifayen roba da Baba ya rataye a bango. Kaisa ta kai ta banɗaki ta faɗa mata abin da take so ta yi: a fitar da baho, daɓe ya zama bai ɗaya ba dokin ƙofar da za a tsallake, a sa benci da ƙofar gilashi da injin tururi. Likita ma ya amince, in dai zafin bai yi yawa ba. Denise ta daɗe tana kallonta.

Sai ta yi mata bayani cikin taushi, irin na wadda ta saba kashe wa mutane buri. A tallar gida, banɗakin da ke da baho shi ake kira cikakke. Wanda babu, kashi uku cikin huɗu ake rubuta masa. Titin da gidan yake kuwa a makarantar firamare ya ƙare. Ba wanda ke sayen ƙaramin gida a nan sai sababbin ma'aurata, jariri ɗaya a kafaɗa, wani a ciki. Matar tana leƙa kicin, abu na gaba da idonta ke nema shi ne inda za ta yi wa yaro wanka. Da banɗaki biyu ne, ta yi abin da ta ga dama da ɗaya. Amma baho ɗaya tak a gida, ba a taɓa shi.

Kaisa ta ce, wato dai jaririn da ba a haifa ba, na mutanen da ba su sani ba, shi ake ajiye wa baho, mai gidan kuma ya ci gaba da ƙaiƙayi.

"Haka ake sayar da gida, 'yar'uwa," in ji Denise tana sa takalmi. "Ba don na ciki ake gyara shi ba. Don na waje."

Yanzu ga ta da guduma, ga Arto a waya. Ya gaji da batun lauya, sai ya sauke murya, ya koma yayan da ya koya mata tuƙa keke.

"Madam digiri biyu, ki tsaya ki yi lissafi irin na makaranta. Ni ina da gidana da aikina. Ba ni zan zauna a can ba in gidan ya ƙi sayuwa. Halifax fa?"

Nan ne ya same ta. Ta san sunan unguwar da za ta kama ɗaki a Halifax, ta san lambar motar hayar da ke zuwa bakin teku. Duk abin da Arto ya faɗa gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta fi ba ta haushi, da yadda ya faɗe ta daga nesa, a ofis mai ɗumi, jikinsa da ƙamshin sabulu.

"Ka kashe wayar, Yaya, kada ƙarar ta dame ka."

Bugun farko gudumar ta yi tsalle ta dawo, ƙashin hannunta ya amsa har kafaɗa. Bahon ya yi kuka kamar ƙararrawar coci. Ta sake, ta sake. Can sai sautin ya mutu, gefen ya tsage a ƙarƙashin bargo. Ba ta san lokacin da Arto ya katse ba. Da ta tsaya tana haki, gumi ya cika mata tabarau, sai ta ji muryar Baba daga falo, karon farko da ya fara yi mata magana tun ranar kwaɗo.

"Farfesa. In kin gama rushe gidan, ki dafa kofi."

Aikin ya ci sauran hunturu. Gordie da abokin aikinsa suka rataye ledoji a ƙofofi, amma ƙura ba ta san leda ba, tana kwana a kan burodi da cikin kofuna. Da aka ɓare bango aka tarar katakon baya ya ruɓe, sai an canja. Injin tururi ya zo da guntun da ba nasa ba, aka mayar, aka jira. Abin da ta tara don ƙaura ya zube a tayil da bututu. Ita kanta a ƙasa take wanka da bokiti, kusa da ɗakin gumin da ta kulle, sanyi yana cizon ƙafafunta.

Ranakunta ba su da fuska. Magani da safe, kunun hatsi, share ƙanƙarar ƙofar gida wadda motar hukuma za ta sake turowa kafin azahar, miyar kifi da madara da dankali, magani da yamma. Ƙanƙara ta taru har rabin tagar kicin. Daga tagar ɗakinta na sama ana hango tafki, fari fat, da jiragen alkama daskare a bakin rumbuna, ba gaba ba baya. Takan tsaya nan da kofi a hannu har ya huce. Ƙawayenta na jami'a sun daina tambayarta yaushe za ta taso. Arto ya daina kiranta. Baba yake kira ran Lahadi, su yi hirar wasan ƙanƙara, in ta shigo falo sai a yi sallama.

A tsakiyar Maris aka gama. Ranar Asabar ta buɗe kwaɗon ƙasa, ta sauka ta ɗauko damin busasshen ganyen da Baba ke dukan jiki da shi, ta jiƙa a ruwan ɗumi har ya farfaɗo. Ta kunna injin. Baba ya turo sandarsa mai ƙafa huɗu ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi gilashi, ya dubi benci, ya dubi farin hayaƙin da ke fita daga ɗan rami kusa da ƙasa.

"Ina duwatsu?"

"Babu duwatsu, Baba."

"Itace fa?"

"Lantarki ne."

"To wannan ai tukunyar turara dankali ce. A kanta kika karya bahon ubana?"

Ta miƙa masa ganyen. Ya karɓa, ya shinshina. Sannan ya ce ta ba shi wuri, shi ba a kallonsa. Ya shiga ya rufe ƙofa da hannunsa.

Ta zauna a ƙasa a barandar ciki, bayanta a bango, kunnenta a ƙofa. Ta ji tari, mai tauri irin wanda ta saba. Ta ji wani, wannan karon ya sake, kamar an kwance wani abu a ƙirjinsa. Sai shiru, har ta yunƙura za ta tashi. Sai ta ji fat, fat, fat, ganye a kan fata. Ta koma ta zauna, ta cusa fuska a gwiwa.

Ya fito jajir, gashinsa a taje, rigar barcinsa a ɗaure daidai. Warin nan da ya kama labule da kujeru ya bar jikinsa. Bai ce sannu ba, ita ma ba ta jira ba. Ya wuce ta yana tura sanda, sai da ya kai ƙofar falo ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Tukunya ce. Asabar mai zuwa ki ƙara mata wuta."

A Afrilu Denise ta kafa allonta na sayar da gida a ƙofar gidan. Ranar da masu kallo za su zo, dole masu gida su fice, don kada mai saye ya ga fuskar wani a gidan da yake son ya gani nasa. Kaisa takan loda Baba a mota, su je bakin tafki su tsaya, kofi a kofin takarda, injin motar yana aiki don ɗumi. Ƙanƙarar tafkin ta fara tsagewa. Suna zaune a nan jirgin farko ya yi kururuwa ya kama hanyar gabas. Baba ya faɗi sunan jirgin da irin alkamar da ya ɗauka. Kaisa ta bi shi da ido har ya zama ɗigo.

Da yamma Denise kan kira ta ba da labari. Kowa ya yaba banɗakin. Maza suna shiga su zauna a benci da kayansu, suna danna maɓalli, suna ɗaukar hoto. Mata kuwa sukan leƙa bayan ƙofa, su tambaya ko akwai wani a ƙasa. Wasu ma'aurata sun dawo har sau biyu. Matar, cikinta ya tsufa, ta tsaya a kicin tana gwada faɗin wurin wanke kwanuka da hannuwanta, sannan ta girgiza kai. Gidan da ke tsallaken titi suka saya, mai tsohon baho ruwan hoda da ya yi tsatsa a gindi. Tayi ɗaya aka samu, daga wani mai ba ɗalibai hayar ɗakuna, kuma abin da ya taya ba zai riƙe Baba a gidan biya ba ko da na ɗan lokaci. Arto ya ƙi. A wannan kam Kaisa ba ta yi masa musu ba.

Ya zo da kansa a ƙarshen wani mako. Ya rungumi Baba, ya ɗaga mata kai. Da safe ta ji injin tururi yana aiki, ya daɗe a ciki, ya fito yana sheƙi. A teburin karin kumallo ya yarda cewa abin yana da daɗi, ya ce amma daɗi ba ya sayar da gida. Ya riga ya yi magana da Gordie: a cire gilashi da benci, a dasa bahon roba mai araha, cikin mako guda an gama. Kaisa ta ce a bakin ƙofar za su same ta zaune, su fara cire ta tukuna. Arto ya dubi Baba yana neman goyon baya. Baba yana shafa man shanu a burodi, a hankali, har gefe-gefe, kamar ba da shi ake ba.

Hanya ɗaya ta toshe ke nan. Saura layin gwamnati.

A farkon Mayu aka kira aka ce ma'aikaciyar tantancewa za ta zo ta sake duba halin da Baba yake ciki, don an kusa samun gurbi a gidan tsofaffi. Arto ya kira Kaisa, karon farko tun ranar guduma. Tana kicin, hannunta cikin kwaɓin burodi, don haka ta buɗe lasifika. Ya ce ta saurara da kyau. Abin da ya sa Baba a sahun gaba shi ne ba ya iya wanka. Idan matar ta tambaya, amsar ita ce har yanzu ba ya iyawa. Ya ce ai ba ƙarya ba ce ƙwarai, tun da ita ke kunna injin, ita ke gadin ƙofa. Ya ce ta riga ta rufe ƙofa ɗaya da guduma, kada ta rufe ta biyu da baki.

Ta ce ta ji. Da ta juya neman tsumma, sai ta ga Baba tsaye a ƙofar kicin, hannuwansa a kan sanda. Ya juya ya koma.

Matar ta zo ran Talata da hantsi, mai ƙaramar murya da kwamfuta a hannu. Suka zauna a teburin kicin, aka zuba mata kofi. Ta tambayi ci da sha, ta tambayi magani, ta sa Baba ya tashi ya zauna, ta tambaye shi ranar mako da sunan garin. Ya ce in ta manta sunan garin ne ta faɗa, ya raka ta gida. Ta yi dariya. Sannan ta ce, wanka fa, Malam Rautio?

Kaisa ta buɗe baki, amma Baba ya riga ta.

"Ba na iyawa," ya ce. Idonsa yana kan kofinsa. "Yarinyar ce ke yi mini. Ita ke tuɓe ni, ita ke cuɗa ni. Kamar jariri."

Kunnuwansa sun yi ja. Wannan shi ne mutumin da ya ce gara ya ruɓe. Kaisa ta gane abin da yake miƙa mata, kuma ta ga Halifax a fili, kamar ta taga: ɗakin da ta zaɓa, motar bakin teku, farar rigar aiki da sunanta a ƙirji. Shiru kawai ake so ta yi. Matar ta riga ta fara dannawa.

Ta kuma ga ɗayan abin. A can gidan tsofaffi babu ƙofar da zai rufe da hannunsa. An rubuta ba ya iyawa, to ba za a bar shi ya gwada ba. Za a zaunar da shi a kujerar roba, wata baƙuwa ta ɗaga masa hammata, ranar da jadawalinsu ya ce, ko Asabar ce ko ba ita ba. Kuma zai shiga can ne da wannan maganar a bakinsa, wadda ya faɗa a gaban baƙuwa a teburin matarsa.

"Ba haka ba ne," in ji Kaisa. "Da kansa yake wanka. Ban taɓa ganin ko bayansa ba. Taso in nuna miki."

"Kaisa," in ji Baba.

"Taso, Madam."

Ta kai ta banɗaki. Matar ta duba daɓen da ba doki, ta ja ƙarfen dafawa ta ji ƙarfinsa, ta zauna a benci. Ta ce da kowane gida haka yake da aikinta ya yi sauƙi. Ta faɗa mata gaskiya tun kafin ta tafi, a bakin ƙofa, tana ɗaura gyale: mutumin da ke wanke jikinsa, a gida mai aminci, ga kuma 'yarsa tare da shi, ba ya cikin na gaggawa. Sunansa ba zai fita daga layi ba, amma zai koma baya sosai. Akwai waɗanda ba su da kowa.

Da Kaisa ta dawo kicin, Baba yana nan inda ta bar shi.

"Wawuya," ya ce. "Da duk karatunki. Na buɗe miki ƙofa da kaina."

"Ban roƙe ka ba."

"Taurin kan uwarki ne. Ita ma haka ta..." Bai ƙarasa ba. Ya tura kofin gefe. "Kina tsammani zan gode miki?"

"A'a, Baba. Wa ya taɓa jin ka gode?"

Ya yi wani sauti ta hanci, ba dariya ba, ba kuka ba. Ya ce kofin ya huce. Ta ɗauka ta zubar, ta zuba masa wani.

Ita ta kira Halifax da kanta, ba ta jira Yuni ba, don ba ta son a kira ta a ji tausayinta. Shugabar ta ce abin bai yi mata daɗi ba, ta ce ta sake nema wata rana, da muryar da ake faɗin irin wannan. Arto ya aiko da gajeren saƙo cewa daga yau duk abin da ya samu gidan da mai gidan, ita ta saya. Denise ta zo ta tuge allonta, ta bar rami biyu a ciyawa.

Ganye ya fito a bishiyoyin layin. Matar tsallaken titi ta haihu. Da yamma, in sun buɗe tagar banɗakinsu, Kaisa kan ji kukan jaririn da facal-facal ɗin ruwa. Jirage suna shiga suna fita a tafki kullum, ta daina hawa sama kallonsu. Ta samu aikin rabin yini a kantin magani na bakin titi, inda za ta iya dawowa da ƙafa in Baba ya danna ƙararrawar neman agaji da ke wuyansa.

Ba ta yi da-na-sani ba, kuma ba ta yi wa kanta ƙaryar cewa ta ci riba ba. Aikin da ta yi wa karatu ya tafi, an ba wani. Abin da ta tara ya zama tayil. Yayanta ba ya ɗaukar wayarta. Gidan ya faɗi a idon masu saye, kuma ba zai tashi ba sai an rushe abin da ta gina. Ita kuma ba ta da ranar fita daga Thunder Bay sai ranar da Baba ya kasa rufe ƙofar nan da hannunsa, ko ranar da ya daina buƙatarta gaba ɗaya, kuma ba ta da bakin roƙon ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ta samu a madadin duk wannan, tsoho ne mai tsabta da ke kiran aikinta tukunya.

Ran Asabar ta jiƙa ganye, ta ƙara wa injin wuta kaɗan, ta zauna a ƙasa a barandar ciki, bayanta a bango.